Kafin a Kashe Inji

"A hankali dai, Auta! Ba buhun siminti kake saukewa ba."

Malama ce ta faɗi haka. Tana tsaye a bakin shagon da jakarta a hammata, tana kallon yadda sarƙa ke sauko da gangar jikin injin daga bayan a-kori-kura. Auta, ɗanta na ƙarshe, ya naɗe hannun farar rigarsa ta ofis ya tallafi gefe guda, tsohon mai shagon kuma yana sakin sarƙar kaɗan-kaɗan har ƙarfen ya zauna daram a kan benci. Sauran kayan suna cikin kwalaye: fistin a jere, karanshaf a naɗe cikin tsumma, ga murfin saman silinda da ake ce wa kan inji, ga kuma turbo mai ƙara wa inji ƙarfi, wanda bakaniken da ya kwance injin ya jefa a wani tsohon bokitin fenti.

Ba ta taɓa ganin cikin motar mijinta ba sai yau. Shekara da shekaru muryarta kawai ta sani. Da ta gan ta a warwatse haka sai ta ji wani iri, kamar ta leƙa ɗakin da ake yi wa ɗan'uwa tiyata.

"Amarya da kanta!" in ji mai shagon, yana goge hannu da tsumman da ya fi hannun datti. "Yau wace rana? Abokina ya yi ta sintiri a shagon nan, ko sau ɗaya bai yarda ya zo da ke ba. Tsoro yake kada ki gan ni ki canza shawara."

"Amaryar da jikoki ke hawa gadon bayanta? Kai dai ka tsufa, bakinka bai tsufa ba."

Mai Borin ake ce masa, don aikinsa ke nan. In ramukan silinda suka cinye, shi ke faɗaɗa su da inji ya mai da su sumul, a sa musu fistin mai ɗan girma. Shi ke dirje karanshaf, shi ke daidaita kan inji in zafi ya lanƙwasa shi. Shagon nasa dogo ne mai duhu-duhu, yana warin kananzir da baƙin mai, injinan ciki kuwa duk sun girmi Auta. Ya jawo kujera ɗaya tilo mai majingina, ya shimfiɗa mata jarida a kai, ta zauna.

Tun kafin a wanke ƙarfen Auta ya zaro waya. Ya kwana biyu yana bincike, kuma ba a banza ba, don motar tasa za ta zama. Gwiwar Malama ta fara ƙin taka kilochi, ta riga ta yi masa alkawari. Yayyensa duk sun ce a kira 'yan gwangwan su kwashe, shi kaɗai ya tsaya kai da fata ya ce motar babansu ba za ta shiga sikeli ba.

"Baba, tunda an riga an buɗe ta, gara a yi ta ta ƙare," ya ce, yana tura hotuna da yatsa. "Ka ga wannan turbon, ya fi nata girma. Ga fistin masu ƙarfi, ba ruwansu da zafi. In aka haɗa da babban salansa, wallahi ba mai shan gabanta."

"To, direban tsere. Bari mu fara jin abin da mara lafiyar za ta ce."

Ya zuba kananzir a tire ya fara wankewa. Malama tana kallo. Ita ba turbo babba ko ƙarami ya kawo ta ba. Tambaya ɗaya ce ta hana ta sakat tun ranar da motar ta yi wani ƙara mai ban tsoro a kan hanya ta tsaya cik: shin ita ce ta kashe injin nan?

Baban yara ya sayi motar ne lokacin yana aiki a gidan ruwa, ita kuma tana koyarwa a firamare. Kullum in an tashi shi ke biyowa ya ɗauke ta. Tun ranar farko ya kafa doka. Mota mai turbo, in ji shi, ba a kashe ta da zafinta. In an iso ƙofar gida sai a ja burkin hannu, a bar ta a silo tana ɗan gurnani, har mai ya zagaya ya sanyaya turbon. Wanda ya kashe ta nan take ya ƙona mata zuciya. Ba a nan dokar ta tsaya ba: ba mai buɗe ƙofa sai inji ya mutu. Yara sun haddace wannan. Sukan tsaya a bayan labule suna leƙe, amma ba mai tunkarar motar sai sun ji shiru.

Da farko abin haushi yake ba ta. Ga littattafan 'yan makaranta a cinyarta suna jiran jan biro, ga girki, ga surukarta a ciki da ƙannensa da ba sa ƙarewa, shi kuwa ya kishingiɗa yana sauraron inji kamar mai jin labarai.

"Kai da motarka ku ƙarata, ni ka bar ni in sauka," takan ce.

"Haƙuri, Malama. Saura kaɗan. To, me ya faru da yaron nan da kika ce ya ciji malamin lissafi?"

Sai ta fara ba shi labari a daƙile, can kuma ta tsinci kanta tana kwaikwayon muryar hedimasta, shi yana dariya har yana dukan sitiyari. A gidan da ko a ɗakin kwana sai wani ya ƙwanƙwasa yana neman ashana, motar nan ce kaɗai ɗakin da ya zama nasu su biyu. A ciki suka yi faɗansu mafi zafi, gilashi a rufe don kada yara su ji. A ciki ta gaya masa tana da cikin Auta, ya yi ta murna har ya manta ya taka totur. A ciki suka yanke makarantar da kowane yaro zai shiga. A ciki kuma, bayan duk sun yi furfura, ya riƙe sitiyari da hannu biyu ya faɗa mata abin da likita ya gani a hoton ƙirjinsa. Ranar sun daɗe ba a kashe injin ba.

Bayan rasuwarsa ta karɓi tuƙi. Ranar farko ta iso ƙofar gida, ta ja burkin hannu, ta zauna kamar yadda aka saba. Injin yana gurnaninsa, kujerar gefe ba kowa, ita kuma tana zaune a wurinsa. Ba ta iya ba. Ta murɗe makulli ta fice kamar ana bin ta. Tun daga ranar haka take yi: tana tsayawa ta kashe, ta shige gida ba waiwaye. Da motar ta fara shuɗin hayaƙi tana shan baƙin mai, Malama ba ta gaya wa kowa abin da take zargi ba. Ya bar mata doka ɗaya tak, ita ma ta kasa riƙewa.

"Zo nan, Auta. Kawo farcenka."

Muryar Mai Borin ce ta dawo da ita. Ya kama yatsan Auta ya zura a ramin silinda, ya jawo shi sama har farcen ya maƙale a wani ɗan tudu kusa da baki.

"Ka ji? Nan ne iyakar inda ringin fistin ke kaiwa. Daga nan zuwa ƙasa duk ya cinye."

Ya ɗauko ma'auni mai agogo a ka, ya bi ramukan ɗaya bayan ɗaya, yana karkata shi yana kallon allura ta saman tabarau. Ya auna karanshaf. Ya ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kan injin ya duba ko haske zai ratsa ta ƙasa. Yana yi yana ɗan gyaɗa kai da ɗan tsaki.

"To, ga bayani," ya ce daga ƙarshe. "Karanshaf zai dirzu, ba matsala. Kan injin ɗan shafawa kawai yake so. Silinda kuwa dole borin. Na taɓa yi mata a da, saura guda ya rage mata, in na yi wannan bangon ya yi siriri ke nan. Da turbon da take da shi, za ta kai ka duk inda kake so har 'ya'yanka su koyi tuƙi da ita. In ka ɗora mata babba za ta yi gudu, ban yi maka ƙarya ba, amma bangon ba zai jure ba, sai in na huda ramukan na dasa wa kowanne sabon bango. Duka biyun ina iyawa. Ku za ku zaɓa."

Auta ya sosa ƙeya. "Wannan sai mu yi shawara da Mama. Amma akwai abu guda, Baba, wanda ko ba a yi komai ba sai an sa shi." Ya nuna hoton wata 'yar na'ura mai kamar kwalin ashana. "Ka cire makulli, ka kulle mota, ka yi tafiyarka. Injin zai ci gaba da aiki shi kaɗai har ya huce, sannan ya kashe kansa. Ba sai mutum ya zauna yana ɓata lokaci ba. Mama, da tun farko akwai wannan, ai da ba ki..."

Ya haɗiye sauran. Amma ta ji. Ashe yaron ya lura, ashe shi ma abin da yake zargi ke nan, kunya ce kawai ta hana shi faɗa. Ta sunkuyar da kai tana gyara zaman jakarta.

Wayar ta yi ƙara a hannunsa. Matarsa ce. "Ina cikin wani abu, zan kira ki," ya ce, ya katse. Bai kai ga sa ta a aljihu ba wani kiran ya shigo, na ofis, wannan kuwa ya amsa da rawar jiki ya fita waje da yatsa a kunne guda. Malama ta bi shi da kallo. Ta sha ganin yadda suke isowa gidanta: kafin matar ta kwance bel ta ɗauko jaririya, shi ya riga ya kai ƙofar falo yana magana da wani a waya. Matar tasa ba ta taɓa kawo ƙara ba, kuma wannan ne ya fi damun Malama.

Da ta ga sun rage su biyu sai ta jawo kujerarta kusa da benci.

"Malam, tsakaninka da Allah zan tambaye ka, kada ka rufa mini. In mutum yana kashe motar nan da zafinta, kullum, ba ya jira ko kaɗan, shi ne zai jawo wannan?"

Mai Borin ya dube ta ta saman tabarau. Ya sa hannu a bokitin fenti ya fito da turbon, wani dunƙulen ƙarfe mai kamar katantanwa biyu a manne. Ya zura yatsa ya kaɗa 'yar farfelar da ke ciki, ta juya shar ba ko ƙara. Ya girgiza ta gefe da gefe, ba ta motsa ba.

"In kashewa da zafi ya yi ɓarna, nan yake fara yi. Ki duba da kanki. Duk cikin kayan nan ba wanda ya kai wannan lafiya. Amarya, tsufa ne ya kama injin nan, irin wanda ya kama ni da ke. Ringi ya gaji, silinda ta cinye, famfon mai ya yi sanyi. Ko a kan kai kika riƙa ɗaukar motar nan, lokacinta ya yi."

Idonta ya ciko.

"Kuma ma," ya ci gaba, yana juya ƙarfen, "wannan ai ba ya buƙatar wani jira. Kin ga bututun nan biyu? Ruwan lagireto ne ke shiga ta nan ya fita ta nan. Ko an kashe inji, ruwan na ci gaba da janye zafin. Turbon da motar ta zo da shi, mai kaɗai ke sanyaya shi, shi ne ake yi wa zaman jira. Wancan kuwa ya ƙone tun Auta na rarrafe. Abokina ya samo wannan, ni na yanka masa bututun da hannuna, ga ma tabon waldata. Sai dai in an yi doguwar tafiya ana zabga gudu, a ɗan dakata kaɗan. Amma daga makaranta zuwa gida? Haba."

Malama ta ƙura wa bututun ido.

"Tun Auta na rarrafe?"

"Ƙwarai."

"Shi ya san da haka?"

"Wa? Abokina? Shi ya yi mini bayanin ma, ni a lokacin ban taɓa ganin irinsa ba." Ya tsaya, ya sauke tabarau. "Tsaya. Kada dai ki ce mini bai daina zaman nan ba."

"Har ranar da ya daina tuƙi."

Tsohon ya ajiye turbon a hankali. Sai dariya ta ƙwace masa, irin wadda ke fitowa daga ciki, har ya dafa benci yana tari. "Kai, mutumin nan! Kai, Allah ya jiƙan ka!" Ya goge ido da bayan hannu, ya bar baƙin mai a kumatu, kuma ba dariyar ce kaɗai ta kawo ruwan ba.

"Macuci," in ji Malama. "Macucin mutum. Sau nawa girkina ya yi dare saboda shi? Sau nawa na matsu in shiga bayi, yana ce mini saura kaɗan? Da fuskarsa kamar ta alƙali!"

Haushi take ji da gaske, kuma daɗi take ji da gaske, ta rasa wanda za ta fara yi wa kuka. Mutum ne da bai iya daɗin baki ba. Bai taɓa ce mata zauna mu yi hira ba, don ya san abin da za ta ce: aiki ya yi mata yawa. Sai ya laƙa wa mota. Ita kuwa, da ta kai har shugabar makaranta guda, wadda ke gane ƙaryar yaro tun daga tafiyarsa, ta zauna a gefensa rabin rayuwarta tana jiran ƙarfe ya huce. Ta yi kewarsa a wannan lokacin fiye da ranar da aka fita da gawarsa.

Ta ciro hankici ta gyara fuskarta. A waje ana jiyo Auta yana cewa to ranka ya daɗe, to ranka ya daɗe.

"Malam," ta ce ƙasa-ƙasa, "maganar bututun nan ta tsaya a nan."

"Ni wane bututu na gani?"

Auta ya shigo yana ba da haƙuri. Ya dubi jan idon mahaifiyarsa, ya dubi baƙin man da ke kumatun tsohon, bai gane komai ba.

"Mun gama shawara," in ji Malama, da muryar da take sallamar taron malamai. "A yi borin, a dirje abin da za a dirje. Fistin masu ƙarfin nan da kake so, a sa maka, ban hana ba. Turbo kuwa na babanka za a wanke a mayar."

"Na yarda, Mama. Na'urar fa?"

"Ba za a sa ba."

"Haba Mama, ita ce fa mafi amfani a ciki. Wa ke da lokacin zama a mota yanzu?"

"Kai. In ka iso gida ka ja burkin hannu ka zauna, wayar nan kuma ka kife ta. Wanda ka ɗauko ma ba ya sauka sai an kashe. In ba za ka iya ba ka faɗa tun yanzu, in kira yayyenka su turo masu sikeli."

Auta ya juya wajen tsohon yana neman ceto. "Baba, don Allah dole ne sai mutum na ciki?"

Mai Borin ya duƙufa yana ɗaure gangar injin a kan teburin borin, bai ɗago ba. "Ni dai abin da na sani, yadda babanka ya yi ta yi, bai taɓa yin asara ba."

Auta ya yi ajiyar zuciya, ya goge hoton na'urar daga wayarsa. "To shi ke nan. Amma yaya ake gane ta huce? Akwai allurar da ake dubawa?"

"Babanka dai sai na gama magana yake kashewa."

Auta ya tuntsire da dariya. "Mama, in na ce zan jira matata ta gama magana, ai sai tanki ya ƙafe."

"To ka riƙa cika shi," in ji Malama.

Ta miƙe, ta naɗe jaridar da ta zauna a kai ta ajiye a kan kujera. Mai Borin ya danna maɓalli, injin borin ya ɗauka, wuƙarsa ta fara sauka cikin ramin farko.